Gwarzon da Muke Yabo da Gwarzon da Muke Koyi da Shi

'Yan uwana matasa, akan ce idan kana son sanin halin al'umma ka dubi mutanen da ta ɗauka gwaraza. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma wanda ya karɓe ta ba tare da nazari ba zai yaudari kansa, domin kowace al'umma tana da gwaraza iri biyu. Akwai waɗanda take buga hotunansu a takardun kuɗi, take raɗa wa tituna da filayen jirgin sama sunayensu, take sa yara su haddace tarihinsu a makaranta. Akwai kuma waɗanda matasanta suke kwana suna tashi da burin zama kamarsu, waɗanda ake miƙewa tsaye idan sun shigo taro, ake rububin ɗaukar hoto da su, ake kuma yi musu uzuri duk abin da suka aikata. Sau da yawa babu abin da ya haɗa waɗannan rukunai biyu, kuma na biyun ne ya fi fallasa abin da ke cikin zukatan jama'a.

Yabon mamaci ba shi da wuya, saboda mamaci ba ya tsawata wa kowa kuma ba ya neman kowa ya sauya halinsa. A yau Amurka tana da ranar hutu ta ƙasa baki ɗaya domin tunawa da Martin Luther King, kuma da wuya ka sami ɗan siyasar ƙasar da zai fito fili ya kushe shi. Amma a shekarar 1966, lokacin da yake raye yana fafutukar neman 'yancin baƙar fata, binciken jin ra'ayin jama'a na cibiyar Gallup ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na Amurkawa ba sa kallonsa da idon rahama. An harbe shi a birnin Memphis a 1968, kuma sai a 1983 aka sa hannu a dokar da ta keɓe masa wannan rana. Wanda yake son sanin halin Amurkawan wancan zamani, sai ya dubi yadda suka ɗauki mutumin a lokacin da goyon bayansa yake jawo wa mutum zagi da asara. Karramawar da ta biyo baya tana da daraja, domin ta nuna cewa ƙasar ta ji kunya kuma tana son gyara, amma shaida ce ta abin da take fatan zama.

Wani lokacin ma jama'a ba su da hannu a zaɓen gwarzon, masu mulki ne suke naɗa shi domin biyan bukatar kansu. An kashe Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko, a watan Janairun 1961, kuma Mobutu, shugaban sojojin ƙasar a lokacin, yana cikin waɗanda suka taka rawa wajen kama shi da faɗawarsa hannun maƙiyansa. A 1966 wannan Mobutun, bayan ya ƙwace mulki, ya ayyana Lumumba a matsayin gwarzon ƙasa. Bai yi haka don ya bi tafarkin marigayin ba, ya yi ne don ya fake a bayan sunan da talakawa suke ƙauna, sannan ya ci gaba da mulkin danniya da wawushe dukiyar ƙasa har zuwa 1997. Saboda haka idan kun ga gwamnati tana kambama wani mamaci, ku tambayi kanku ko akwai wata koyarwa tasa guda ɗaya da take aiki da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne irin gwarzon da dukiya take haifarwa, domin a nan ne al'ummomi da yawa suke faɗuwa jarrabawa ba tare da sun ankara ba. A birnin Bristol na Ingila an yi wani attajiri mai suna Edward Colston wanda ya rasu a 1721, ya kuma bar dukiya mai yawa ga makarantu da gidajen kula da gajiyayyu. Wani rabo na arzikinsa ya fito ne daga kamfanin da yake jigilar 'yan Afirka zuwa ƙetaren teku a matsayin bayi, maza da mata da yara, waɗanda dubbai daga cikinsu suka mutu a cikin jiragen ruwa kafin a kai gaɓa. Duk da haka, a 1895 manyan birnin suka kafa masa mutum-mutumi a tsakiyar gari suna yabon kyautatawarsa, kuma ya tsaya a wurin har zuwa watan Yunin 2020 da masu zanga-zanga suka tumɓuke shi suka jefa a ruwa. Fiye da shekara ɗari mutane suna wucewa ta gabansa, sun san abin da ya bayar, ba su damu da inda ya samo ba. Haka aka yi a birnin Medellin na ƙasar Kolambiya, inda Pablo Escobar, wanda ya yi arziki da safarar hodar iblis kuma ya yi sanadin mutuwar alƙalai da 'yan jarida da 'yan sanda, ya gina wa talakawa gidaje da filayen ƙwallo, har dubban mutane suka halarci jana'izarsa a 1993. Ban ce yunwa da rashin matsuguni ƙananan abubuwa ne ba, kuma na san dalilin da zai sa wanda hukuma ta manta da shi ya riƙe hannun da ya ba shi. Amma duk al'ummar da ta daina tambayar asalin dukiya, ta riga ta gaya wa 'ya'yanta cewa su samo ta kowace hanya, za a wanke su da kyauta daga baya.

Akwai kuma lokacin da gwarzo yake zama shaidar alheri ga mutanensa. Lokacin da halifofin Abbasiyawa suka tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne, Imam Ahmad bin Hanbal ya ƙi, aka tsare shi, aka yi masa bulala a zamanin halifa Mu'utasim. Fada tana da nata malaman da take ɗaukakawa da muƙamai, amma zukatan talakawan Bagadaza suna tare da mutumin da ke cikin sarƙa, kuma da ya rasu a shekara ta 241 bayan Hijira, taron jana'izarsa ya zama abin da masana tarihi suke ambato har yau. Waɗannan mutane sun so shi a lokacin da son nasa yake da haɗari, ba shi da muƙamin da zai raba musu, ba shi da dukiyar da zai ba su. Irin wannan ƙauna ita ce take da nauyi a ma'auni, kuma ita ce za a iya kafa hujja da ita a kan halin al'umma.

To, ina muka tsaya a namu zamanin? A da sai sarki ko gwamnati ko masu gidan jarida sun yarda kafin sunan mutum ya karaɗe duniya. Yanzu wannan iko ya dawo hannunmu, kuma yawancinmu ba mu san muna riƙe da shi ba. Manhajoji irin su TikTok da Facebook an gina su ne a kan tura wa mutane abin da aka fi tsayawa a kansa, kuma na'urar ba ta bambance wanda ya kalla don sha'awa da wanda ya kalla don takaici. Duk sanda ka tsaya kan bidiyon mai fitsara, ko ka yaɗa shi don a taya ka tsine masa, ko ka rubuta masa zagi, ka ƙara masa kasuwa, ka kuma kai shi gaban ƙannenka. Muna kukan cewa marasa kunya sun zama taurari, alhali da idanunmu da yatsunmu muka ɗora su. Malamin da ya ɓata dare yana shirya darasi mai amfani yana nan a wannan dandalin, amma ba ma iya ba shi minti biyar.

Ku kuma kula da yadda son nasara yake rufe ido. Lance Armstrong ya lashe gasar tseren keke ta Tour de France sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, bayan ya warke daga ciwon daji, kuma miliyoyin mutane sun ɗauke shi abin koyi. Waɗanda suka yi ƙarfin halin faɗin cewa yana amfani da magungunan ƙara kuzari da aka haramta sun sha zagi, wasu ma an maka su a kotu. A 2012 aka ƙwace kambunan duka, a 2013 ya amsa laifinsa da bakinsa. Magoya bayansa ba su rasa alamu ba, labarin ne ya yi musu daɗi har ba sa son jin abin da zai ɓata shi. Idan ka ji ranka yana ɓaci da duk wanda ya kawo hujja a kan wanda kake so, tun kafin ka duba hujjar, to ka binciki kanka.

Ba ina kiran ku da ku raina kowa ba, ko ku dinga tonon aibun mutanen kirki har a rasa wanda za a girmama. Yabon gwani ya zama dole, kuma babu ɗan Adam da ba ya kuskure in ban da waɗanda Allah ya kare. Matashin da ba shi da wanda yake kallo a sama da shi ya fi kowa saurin ɓata. Abin da nake nema shi ne mu san dalilin da ya sa muke son wanda muke so, domin ya tabbata a hadisi cewa mutum yana tare da wanda yake ƙauna, kuma wannan ya isa ya sa mai hankali ya tantance wanda zai buɗe wa zuciyarsa.

Ku nemi masu gaskiyar da suke raye ku tsaya musu tun suna bukatar hakan: ma'aikacin da ya ƙi karɓar cin hanci aka mayar da shi saniyar ware, da malamar da take koyarwa tsakani da Allah ba wanda ya san sunanta, da ɗan kasuwar da ya faɗi aibin hajarsa ya yi asarar ciniki. Ku ambace su a gaban yara da irin muryar da kuke ambaton masu kuɗi, domin yaro yana lura da wanda fuskar manya take sakewa idan an kira sunansa.

Idan kuma kun zaɓi gwarzo daga cikin manyan tarihi, kada ku tsaya ga hotonsa da 'yan kalamansa da ake yaɗawa, ku karanta yadda ya tafiyar da kwanakinsa na wahala. Mutane da yawa sun san cewa Nelson Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku, ya fito a 1990, ya zama shugaban Afirka ta Kudu a 1994. Kaɗan ne suka san cewa a tsibirin Robben yana fasa dutse da rana yana karatu da dare, ya koyi harshen Afirkans na masu tsaronsa domin ya fahimci tunaninsu ya kuma iya yi musu magana da harshensu, sannan ya ci gaba da karatun shari'a ta hanyar wasiƙa har ya sami digirinsa a 1989, yana da shekara 70 kuma yana tsare.