Wanda ke kulle, wa zai nemo masa takardar talauci?

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidan kason Maradi da rana ya ga matan nan da kwanonin abinci ɗaure a cikin ƙyalle, suna jiran a karɓa. Wata da na sani daga wajen Madarunfa take zuwa. An tsare mijinta kan rikicin iyakar gona, watanni sun shuɗe ba a yanke masa hukunci ba. Da aka ce mata ana iya rubuta wa alƙali a nemi sakin talala, abin da ta fara tambaya shi ne: nawa ne? A lokacin ta riga ta sayar da akuyarta ta biyu.

Doka ba ta manta da irinta ba. Tun 2011 Nijar ta kafa hukumar ANAJJ domin tallafa wa marasa hali a gaban shari'a, da ofisoshi a manyan kotuna. Abin yabo ne. Amma galibi sai ka tabbatar da talaucinka da takarda, kuma mutumin da ke kulle ba ya iya takawa zuwa ma'aikatar magajin gari. Matarsa ce za ta yi, da kuɗin mota, da tambur, da kuɗin mai rubutu. Lauyoyi kuwa mafi yawansu suna Yamai, sama da kilomita 600 daga nan.

A Amurka, ɗaurarren da ke ƙalubalantar tsarewarsa a kotun tarayya dala 5 kacal yake biya, kuma ko ita ana yafe wa wanda ba shi da ita. Ba wai tsarinsu ba shi da aibu ba ne, amma sun gane abu guda: hukumar da ta kulle mutum bai kamata ta sa masa farashi kafin ta saurari kukansa ba.

Na san masu cewa in aka yafe kuɗi, takardun banza za su cika teburin alƙalai. To, alƙali na iya watsi da ƙorafin banza cikin mintoci, alhali wanda aka tsare bisa kuskure damina guda yake asara, iyalinsa su shiga cin bashin hatsi.

Abin da nake roƙo shi ne a ɗauki takardar tsarewa kanta a matsayin shaidar rashin hali, a yafe duk wani kuɗi nan take. Ma'aikacin ANAJJ kuma ya riƙa shiga gidan kason kowane mako, ya zauna da mutane, ya rubuta musu da Hausar da suke ji.