Nasiha Ga Matasa Masu Farauta: Ku Ji Labarin Tenkile

Ya ku 'yan'uwana matasa, musamman masu sakin karnuka a daji da zarar rani ya kama, ina so ku ji labarin wata dabba wadda ba a samunta ko'ina a duniya sai a dazukan tsaunukan Torricelli da na Bewani, a arewacin ƙasar Papuwa Niyu Gini. Mutanen wurin suna ce mata tenkile. Dangin kangaru ce, wato dabbar nan mai tsalle-tsalle ta ƙasar Ostiraliya, sai dai ita tenkile a kan itatuwa take rayuwa, baƙa ce mai doguwar wutsiya, nauyinta kusan kilo 10. Ɗa guda tal take haifa, ɗan mitsitsi, wanda yakan rarrafa ya shige aljihun fata da ke cikinta, ya yi watanni a ciki yana shan nono kafin ya leƙo waje. Dabbar da haihuwarta ke da irin wannan jinkiri ba za ta iya cike gurbin abin da kare da kibiya suka kwashe ba.

Masana ba su sanya ta cikin littattafansu ba sai a 1990, bayan binciken wani masanin dabbobi mai suna Tim Flannery, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 an yi ƙiyasin cewa waɗanda suka rage ba su kai 100 ba. Masu farautarta ba mugaye ba ne. Talakawa ne da nama ke yi musu wuya, kuma ciyar da iyali ba abin wasa ba ne. Duk da haka, a 1999 ƙauyukan yankin suka amince su daina kashe ta, sannan a 2001 aka kafa ƙungiyar Tenkile Conservation Alliance, wadda ta kawo kiwon zomaye da kaji da kifi da tankunan tara ruwan sama, domin kada alkawari ya bar tukunya babu nama. A ganina wannan ne ya sa alkawarin ya ɗore.

To, ku da yawancinku ba yunwa ke kai ku daji ba sai nishaɗi da neman suna, mene ne uzurinku idan kun cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya? Ku ji tsoron Allah, ku bar mace mai ciki da mai shayarwa ta wuce, ku janye karnukanku daga ramin da kuka ji kukan jarirai a cikinsa, wanda kuma nama yake buƙata ya gina akurki a bayan gida.