Cire MJIT daga Ruby bai zama asara ba

A ranar 25 ga Disambar 2023 aka fitar da Ruby 3.3, kuma babu MJIT a cikinta. Ruby dai yaren rubuta manhaja ne da wani ɗan Jafan, Yukihiro Matsumoto, ya fitar a 1995, kuma a buɗe take: kowa na iya duba cikinta, ya gyara, ya yi amfani da ita kyauta. Shi kuwa MJIT an shigo da shi ne a 2018, cikin Ruby 2.6, da sunan gwaji. Aikinsa shi ne ya lura da sassan manhaja da ake yawan maimaitawa, ya mayar da su harshen da injin kwamfuta ke ji kai tsaye, don aiki ya yi sauri.

Matsalar tana hanyar da yake bi. Sai ya fara rubuta sashen da yaren C, ya kira GCC ko Clang, manhajojin waje da ke mayar da C harshen inji, su sarrafa shi, sannan ya dawo ya ɗora sakamakon, duk wannan manhajar na tsaka da aiki. Kafin ya ɗauki zafi an jima. A Optcarrot, wata manhaja da ake auna saurin Ruby da ita, ya yi rawar gani, da shi ma aka cika alkawarin cewa Ruby 3.0 za ta ninka Ruby 2.0 sau uku a sauri. Amma a shafukan da aka gina da Rails, wato kayan gina shafukan intanet da Ruby, inda mafi yawan masu Ruby ke neman abincinsu, bai tsinana abin kirki ba. Ana cikin haka ma'aikatan kamfanin Shopify suka kawo YJIT a Ruby 3.1, wanda ke yin irin aikin MJIT ba tare da jiran wata manhaja daga waje ba.

Wani zai ce, to ai MJIT ba ya kunna kansa, kuma bai ci wa kowa tuwo ba, me zai hana a ƙyale shi? Yana ci. Duk gyaran da aka yi a tsakiyar Ruby sai an tabbatar bai karya shi ba, alhali masu iya wannan aikin ba su da yawa. Manomi a Gwaram ko Ɗambatta, idan gero ya tsiro da yawa a rami ɗaya, ragewa yake yi, ba don wanda ya tuge ɗin ba gero ba ne. Mutanen yaren Java ma sun yi irin haka: kamfanin Oracle ya fitar da JDK 16, wato fitowar Java ta 16, ba tare da Graal ba, wani abin ƙara sauri na gwaji irin MJIT, ba a ji ƙorafi ba, sai aka cire shi gaba ɗaya a JDK 17 a Satumbar 2021.

Inda abin ke taɓa mu daban ne. Yaron da ke koyon rubuta manhaja a wani ƙauye kusa da Kazaure, da tsohuwar laftof ɗin da yake kai wa mai cajin waya a bakin kasuwa, ba ya bin sanarwar masu Ruby. Bidiyon da wani ya tura masa ta Xender yake bi, wataƙila na 2022. Malamin cikin bidiyon ya ce a rubuta --mjit don kunna MJIT, yaro ya rubuta, abu ya ƙi. Sai ya zargi kansa ko kwamfutarsa, ya ƙona datar da ya saya da kuɗin aikin gona yana neman dalili. Wannan ba hujjar barin MJIT ba ce, aiki ne a kan masu koyarwa a cibiyoyin kwamfuta: su riƙa faɗa wa ɗalibai wace Ruby ce a gabansu, kuma abin da aka yi wa laƙabin gwaji kada a sa shi cikin darasin farko. Ko RJIT da ya maye gurbin MJIT, shi ma daga baya an cire shi.

Mai son sanin yadda MJIT ya yi aiki kuma bai rasa komai ba. Rubutunsa na nan cikin tarihin Ruby a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, tsofaffin fitowar Ruby ma ana iya sauke su.