Alhaji, Kada Ka Zama Baƙin Rami

Assalamu alaikum 'yan uwa na Agege, Idi-Araba da Mile 12.

Ashe taurari ma suna mutuwa, kuma mafi girmansu shi ke rigan saura. Ranarmu tana cin makamashinta a hankali, rayuwarta za ta kai shekara biliyan 10. Amma tauraron da ya ninka ta nauyi sau 20 ko fiye, cikin 'yan miliyoyin shekaru ya gama. Ya ƙone haidirojin, ya koma kan hiliyam, ya koma kan kabon, har sai cibiyarsa ta zama ƙarfe. Daga ƙarfe kuwa ba ya ƙara samun wuta. Ko daƙiƙa ɗaya ba a cikawa, cibiyar ta rufta, nauyin da ya tara shi ya danne shi. Wani ya tarwatse da haske mai firgitarwa, wani ya lotse shiru. Abin da ya saura masana ke kira baƙin rami: abin da ya faɗa ciki ya tafi ke nan, ko haske ba ya fitowa. Akwai ɗaya, Cygnus X-1, da har yanzu yake zuƙar iskar tauraron da ke maƙwabtaka da shi. Subhanallah.

Jiya a kasuwa na ga yaron shago yana roƙon ladansa na wata da watanni, maigidansa na ƙirga kuɗi, ko ɗago kai bai yi ba ya ce masa a dawo gobe. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Alhaji, da ka sauka Legas da 'yar jakarka, wani ne ya ba ka wurin kwana. Kana ƙarami kowa na amfana da kai, mai shayi ma ya san kyautarka. Yanzu da ka yi nauyi, komai shiga yake yi. Zakka shiru. Inna tana Arewa tana jiran kuɗin magani, ka ce ciniki ya tsaya. Ƙaninka ya kira, ka kife wayar. Bashin mai dako ma sai an kai ruwa rana. Haba Alhaji! Ina za ka da shi?

Ba hassada nake maka ba, Allah Ya ƙara buɗi, ni ma ina nema. Tsoro nake ji maka, don abin da ka tara ka hana fita, kai zai danne.

Don Allah ka sallami yaron nan yau. Ka kira Inna kafin magariba. Yau, ba gobe ba.