Wa Ya Gaya wa Dillali Ina Neman Raƙumi?

Firiza ce ta jawo komai. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Bauchi ke sa mutum ya yi wanka sau uku kafin la'asar kuma ya fito yana gumi, sannan ɗibar adashenmu na wurin aiki ta kusa zagayowa kaina. Uwargida ta shekara biyu tana yi mini mitar firiza, wai ta riƙa ƙulla zoɓo da kunun aya tana sayarwa a unguwa. Sai na ƙudurta a raina cewa bana zan yi mata ba-zata: firiza mai sola, wadda ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke.

Ban gaya wa kowa ba sai aminina, shi ma a teburin mai shayi bayan sallar isha'i, murya ƙasa-ƙasa kamar masu ƙulla juyin mulki. Wayata tana aljihun gaban rigata, daidai saitin bakina. Ku riƙe wannan, domin a kansa na gina duk shari'ata.

Washegari da safe ina shan koko ina latse-latse a dandalin sada zumunta, sai ga firiza. Fara sol, an ɗaga murfinta, tururin sanyi yana tashi. Na wuce. Ban yi nisa ba sai ga wata. Ta ukun har da cewa za a iya biya kaɗan-kaɗan, kamar wanda ya leƙa takardar albashina. Na ajiye kofin koko, na dubi wayar, ita ma ta dube ni da fasasshen gilashinta.

Da daddare na kai ƙara majalisa. Ashe kowa da nasa a ciki, jira kawai ake wani ya fara. Mai shayi ya rantse cewa ya taɓa yin tari sau biyu kusa da wayarsa, kafin gari ya waye aka nuna masa maganin tari. Wani direban da ke jigila zuwa Jos ya ce shi tayar mota ya ambata. Wani dattijo ya ce tun da ya yi ƙorafin ciwon baya ake bin sa da tallar maganin basir. Wannan dai ban karɓi shaidarsa ba, domin a ƙasar nan ko bebe ne kai, in dai kana da waya, sai an tallata maka maganin basir. Amma sauran sun ishe ni. Muka yanke hukunci ba tare da an ji ta bakin wadda ake tuhuma ba: waya 'yar leƙen asiri ce.

Daga ranar na ɗauki matakin tsaro. In zan yi magana mai muhimmanci, sai in cusa wayar cikin safa, in saka ta a tsohuwar kular abinci, in rufe, in tura ƙarƙashin gado. In an kira ni kuwa sai in fita zaure in amsa, in yi magana gajeriya, in dawo ina waige-waige. Ban yi lissafin yadda wannan zai kasance a idon matar da muka shekara goma sha ɗaya tare ba. Kwana uku ta zuba mini ido. Ran na huɗu ta ajiye mini tuwo da ɗan ƙarfi fiye da yadda aka saba, ta ce, "Malam, 'yar wace unguwa ce?"

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Wadda ake ɓoye wa waya a kula. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as."

Ga gaskiya a bakina, amma in na faɗe ta, zancen firiza ya tonu. Sai na ce mata harkar tsaro ce, ba za ta gane ba. Ina ba duk wani magidanci shawara kada ya taɓa furta wannan jimla a gidansa.

Ranar Asabar ɗan yayata ya zo. Ɗalibi ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana karanta kimiyyar kwamfuta, kuma duk ƙarshen mako yakan zo gaishe ni da jakar wanki da yunwar sati guda. Na ja shi waje, na bar wayar a kula, na zayyana masa komai. Yaron nan ya yi dariya har da riƙe bango.

Ya ce, "Kawu, ai ba kai ka fara ba. A watan Afrilun 2018 sanatocin Amurka sun zaunar da Mark Zuckerberg, mai Facebook, wani ya tambaye shi ƙarara ko suna sauraron mutane ta makirfon waya don su yi musu talla. Ya ce a'a."

Na ce, "To da me kake so ya ce? Ka taɓa ganin wanda aka tsare a gaban alƙali ya ce eh tun tambayar farko?"

Ya ce shi ya sa wasu ba su tsaya a kan maganarsa ba. A shekarar 2018 ɗin dai, masu bincike a Jami'ar Northeastern da ke Boston suka gwada manhajojin Android sama da 17,000, suna bin diddigin abin da kowace ke aikawa waje. Ba su kama ko ɗaya tana kunna makirfo a ɓoye tana tura murya ba. Abin da suka kama shi ne wasu na ɗaukar hoton abin da mutum ke yi a fuskar wayarsa suna tura wa wasu kamfanoni. Na ce to wannan ai ya fi muni. Ya ce shi ma bai ce ya fi kyau ba.

Ina da harsashi ɗaya da na tanada, wanda na tsinto a rediyo. Na ce, "To kamfanin Apple fa, da ya yarda ya biya dala miliyan 95 a farkon 2025 saboda Siri, manhajar nan tasu mai amsa umarnin murya, tana naɗar hirar mutane?" Ya ɗan yi shiru, na ji daɗi. Ya ce gaskiya ne, ƙarar ta ce Siri kan farka bisa kuskure ta ɗauki abin da ba da ita ake ba, kamfanin kuma ya biya don a kashe magana, bai amsa laifi ba, ya ce bai taɓa sayar da muryar kowa don talla ba. Sannan ya ƙara da abin da bai kamata yaro ya gaya wa kawunsa ba: "Amma Kawu, taka wayar da aka ɗaure bayanta da kyauro, ina ita ina Siri? Kuma da tana tura muryarka dare da rana, datar da kake lallaɓawa ta kai ka ƙarshen wata ko kwana biyu ba za ta yi ba. Batirin ma ya mutu kafin azahar." Na ce ai dama yana mutuwa kafin azahar. Ya ce wannan tsufa ne.

A cewarsa, kamfanonin nan ba sa ma buƙatar kunne. Sun san shekaruna, sun san garin da nake, sun san inda wayar ke kwana da inda take wuni, sun san lambobin da ke cikinta, da wanda muke jona intanet ɗaya da shi, da bidiyon da na tsaya a kansa na ɗan daƙiƙu kafin in wuce. Shagunan intanet da yawa suna da wata 'yar alama a ɓoye da ke kai rahoto cewa wane ya leƙo ya duba kaya kaza. Mai sayar da firiza kuwa ba sai ya san sunana ba. Cewa kawai zai yi a nuna wa magidantan Bauchi tallarsa a watan zafi, sai in faɗo ciki kamar ƙuda a miya. Ya tuna mini cewa a watan Yulin 2024 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, tarar dala miliyan 220, kuma a kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya ne, ba a kan laɓe ba. Ya kuma nuna mini a tasa wayar cewa tun daga Android 12, duk manhajar da ta buɗe makirfo sai wani koren ɗigo ya bayyana a saman fuska. Tawa ba ta kai wannan zamani ba.

Na ce duk na ji, amma ni ban taɓa rubuta kalmar firiza a wayata ba. Ya ce to in gwada mana. In zaɓi abin da ban taɓa nema ba, ban taɓa sha'awa ba, in yi ta ambatonsa kusa da wayar na kwana bakwai, kada in rubuta shi ko sau ɗaya, mu ga ko za a tallata mini.

Na zaɓi raƙumi.

Na ɗauki aikin nan da gaske fiye da yadda nake ɗaukar aikin gwamnati. Bayan sallar asuba in zauna a tsakar gida, in ɗora wayar a gwiwa, in ce, "Kai, ina son sayen raƙumi. Ko nawa raƙumi yake yanzu? Ina ma in sami raƙumi mai rahusa." Da rana in maimaita da Turanci, ko da na'urarsu ba ta jin Hausa. Da dare in ƙara da ɗan Fulatancin da na tsinta a kasuwa, don kada a bar wata ƙofa. A rana ta uku na ga ya kamata in sa wa abin rai, sai na fara ciniki: in yi tayi, in sauya murya in ce albarka, in dawo muryata in ƙara dubu biyar. Akwai daren da muka kusa daidaitawa da kaina, sai mai raƙumin ya ce ban da akala.

Abin da na manta shi ne katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta ba ta kai kafaɗata ba, kuma tagar kicin tana kallon inda nake zama.

Rana ta biyar na dawo daga aiki na tarar da surukata a falo, ta taso takanas daga cikin gari. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana duban idona ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Sannu, ɗan nan. Ya jikin?" Na ce lafiyata ƙalau, Hajiya. Ta ce haka ake cewa. Ta miƙo mini gora cike da rubutu, ta ce in shanye yanzu a gabanta, saura kuma in shafa a ka. Ɗakin duk ya turnuƙe da hayaƙin habbatus sauda. Uwargida tana rakuɓe a bakin ƙofa, ta daina fushin kishiya, ta koma tausayi, wanda ya fi fushin ciwo. Surukar mutum ba abokiyar gardamarsa ba ce. Na shanye. Na shafa.

Talla kuwa, ko ƙofaton raƙumi ban gani ba. Firiza dai, sai takalma, sai maganin basir.

Rana ta shida, ranar Juma'a, muna sakkowa daga masallaci, aka yi sallama da ni a ƙofar gida. Wani mutum ne dogo da rawani da sanda a kafaɗa, ban taɓa ganinsa ba. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Alhaji, an ce kana neman raƙumi." Ni da ko filin jirgi ban taɓa rakiya ba, na zama Alhaji. Ya ce shi dillali ne, yana da hanya har kasuwar Maigatari, akwai amale akwai taguwa, in na fi son na noma akwai, in na hawan sallah ne akwai. Na tambaye shi wa ya gaya masa. Ya ce wani mahauci ne a kasuwar Muda Lawal, shi kuma ya ji a bakin mai kai masa ƙanƙara, wanda ƙanin matar maƙwabcina ne. Har farashin da na tsaya a kai ya sani, ya ce a wannan kuɗin ko jaki mai mutunci ba zan samu ba, amma a yi magana. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa. Sai da na ba shi kuɗin mota da lambar wayata kafin ya saki hannuna.

Daren nan na sallama. Na zaunar da uwargida na kwance mata komai, tun daga teburin mai shayi har zuwa akala. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta kifa kai a filo tana dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi ta ce in ba ta wayar. Ta buɗe wurin bincike, ta shiga tarihin abin da aka nema, wurin da ban ma san yana nan ba, ta miƙo mini. Farashin firiza mai sola. Firiza mai cin batir kaɗan. Firiza lita ɗari biyu. Wace firiza ta fi riƙe sanyi. Layi-layi har ƙasa, duk tsakanin sha ɗaya da sha biyun dare, lokacin da nake munshari.

Ta ce, "Datata ce ke ƙarewa, taka kuwa kullum akwai saura."

Na duba kwanan wata. Ta fara binciken mako biyu cur kafin in buɗe baki a gaban aminina. Na ce to ta yaya ta san zan sayi firiza? Ta ce ita ba ta san zan saya ba, ta dai san watan da zan ɗebi adashe, tunda ita ma ta iya ƙirga, kuma ta san me za a yi da kuɗin. Har ta zaɓi wadda take so a wani shago kusa da kasuwar Wunti, mai shagon ya ce zai ajiye mata zuwa ƙarshen wata. Abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda ban gaya mata ba, shi ne ban da tabbacin cewa tunanin firiza mai sola nawa ne tun asali. Mai yiwuwa na yi ta wuce tallar ina hamma kwana da kwanaki, har ta zauna mini a kai, na ɗauke ta na kai majalisa a matsayin dabarata.

An sayi firiza. Zoɓo yana tafiya, ba laifi. Surukata har gobe ta yi imani rubutunta ne ya warkar da ni, kuma ban ga amfanin musa mata ba.

Dillalin ne ya ƙi haƙura. Duk ranar kasuwa sai ya kira, wai an kawo wani saurayin amale mai hankali. Da ya ishe ni, sai na ce bari in duba ainihin farashin raƙumi a intanet, in sami hujjar da zan nuna masa cewa ya fi ƙarfina. Na rubuta da yatsana, na shiga shafuka uku ko huɗu, har na kalli wani bidiyo na tseren raƙuma a Dubai saboda ya yi kyau.

Yau mako uku ke nan. An tallata mini madarar raƙumi ta gari, da sabulun madarar raƙumi, da yawon buɗe ido a sahara bisa raƙumi, mutum biyu kuɗin mutum ɗaya. Jiya uwargida ta ari wayar, ta ga tallar, ta dube ni, ta tashi ba ta ce komai ba. Can na jiyo ta a kicin tana cewa, "Hajiya, akwai sauran rubutun nan?"