Ranar da barkonon Bangali ya kwance mini zani a kasuwa

Duk wanda ya zauna da ni a Shara Mansur ta Makka ya san bakina a kan yaji. Shekara huɗu ina raina dakkus, ruwan tumatir da tafarnuwar nan da Larabawa ke zubawa a kan shinkafar kabsa. Sahawik na Yamalawa na ce ƙamshi ne kawai. Shattar Sudanawa mai lemon tsami da gyaɗa ce kaɗai nake ɗan saurara wa, ita ma don kunyar surukan Kawu. Ni ɗan attaruhu ne, haka nake faɗa ko ba a tambaye ni ba.

To ranar Juma'a mun baje shinkafar mandi a ɗakin Kawu, sai ga Bangalin da ke da bakala, wato kanti, a ƙasan gidanmu ya hau da wasu barkono guda uku a tafin hannu, wai daga garinsu Silet ta Bangladesh aka kawo masa. Naga moric suke ce masa. Ja ne, duk ya yamutse, kamar attaruhun da ya kwana uku a tire. Ya ce, "Sadik, shuwayya shuwayya," wato aboki, kaɗan-kaɗan. Har ya nuna mana yadda suke yi a gida: a tsinke bakinsa, a ɗan goga a gefen shinkafa, a ajiye saura sai gobe. Na dubi Kawu na ce, "Kawu, ka ga mutanen nan, barkono ma shafa shi suke kamar turare." Kawu ya ce, "Ɗan nan, bi a hankali." Na jefa guda sukutum a baki.

Da farko wani ƙamshi na ji, kamar na ɗan itace. Har na buɗe baki zan ce "wannan ne?" Wallahi "wan" kawai na samu na faɗa. Kunnuwana ne suka fara toshewa. Sai shaƙuwa, irin mai ɗaga kafaɗa, hik, hik, ga hawaye ga majina ga gumi yana bin ƙeya. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa ban san inda za ni ba. Na kafa kai a gorar ruwa, ashe ruwa ba ya wanke zafin barkono, shi abin maiƙo ne, sai dai ya watsa shi har maƙogwaro. Bangali yana ta ihu, "Laban! Laban!"

Akwai laban, wato nono, a firij. Guda ɗaya. Na wani Bazazzagi ne da muke zaune tare. Mutumin nan ya dafe ƙofar firij ya ce na sahur ɗinsa ne, gobe yana azumin nafila. Mutumin da tun aikin Hajjin bara yake riƙe da riyal 50 ɗina, wanda cajata ta kwana wata biyu a wurinsa ta dawo a karye! Maimakon ya taimaka, sai ya zaro waya yana karanta wa jama'a, da muryar mai labaran rediyo, wai a ma'aunin zafin barkono na Sukobil attaruhu bai wuce 350,000 ba, shi kuwa naga yana kai miliyan, ɗan'uwan wanda ake nomawa a Assam ta Indiya ne. Ina durƙushe harshe a waje yana tambayata, "Malam, ka ji ko in maimaita?" Ko azumin ma ban ga ya yi ba, washegari da hantsi na gan shi da burodin tamis a hannu.

Kafin Bangali ya sauka ya dawo da laban, Kawu ya gama da cinyar kazata, wai kada ta huce.

Yanzu in na shiga bakala sai ya ce, "Ahlan, Naga." Laban ɗin kuma ashe ya rubuta shi a littafin bashi, sai ƙarshen wata na gani.