Mushe Ya Koyo Kallon Bango

Kwana 9 Mushe (haka ake kiran ɗan boko a nan, daga "Monsieur" na Faransanci) ya yi wajen wani taro a birnin Marsai na Faransa, har da ranar tafiya da ranar dawowa. Da hantsin Alhamis ya iso teburin mai shayi na bakin Kasuwar Dole a Damagaram, ya naɗe wuya da mayafin ulu, a tsakiyar bazarar da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa.

MAI SHAYI: Mushe, lafiya? Mura ce?

MUSHE: Jikina ne bai gama dawowa ba. Ka san iskar Marsai.

ALHAJI: To ka aika a taho maka da sauran, kar a yi gwanjonsa.

Mushe bai kula ba. Ya zaro salula, ya goge fuskarta da gefen mayafin, ya miƙa.

MUSHE: Alhaji, dubi nan. Unguwar Kur Juliyan ke nan. Bango, ƙofar shago, matakala, ba inda aka bari ba zane.

ALHAJI: Subhanallahi. An dai kama yaran?

MUSHE: Waɗanne yara?

ALHAJI: Da suka yi ɓarnar.

MUSHE: Fasaha ce, Alhaji! Wani mai shago ma shi ke kiran mai zane ya biya shi. Wasu kuma cikin dare suke zuwa da gwangwanin fenti su fesa, su sa laƙabinsu a ƙasa. Kafin wata ya zagayo wani ya zo ya ɗora nasa a kai.

ALHAJI: Wato ka biya mutum ya ɓata maka bango, wani ya zo ya ɓata ɓarnar kyauta. Ita wannan matar me ya sami fuskarta ta koma shuɗiya?

MUSHE: Saƙo ne.

ALHAJI: Ga wa?

MUSHE: Ga mai ido.

ALHAJI: Ni da nawa biyu ban karɓa ba. Wuce gaba.

MUSHE: Wala! Tsohuwar tashar jiragen ruwa. Nan garin ya soma, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Girkawa ne suka taso daga wani gari Fokiya, a gaɓar Turkiyya ta yau, suka ga lungun teku mai kyau suka sauka. Babu garin da ya girme shi a duk Faransa.

MAI SHAYI: Girkawa? Masu girki ne?

MUSHE: Mutanen Girka!

MAI SHAYI: Ai shi na ce.

MUSHE: Bon. Girkin ma akwai shi. Kowace safiya masunta na kasa kifi a bakin tashar, da shi ake wata miya, buyabes. Wanda bai sha ta ba bai je Marsai ba.

ALHAJI: Nawa kwano?

MUSHE: Ba a tambayar kuɗi a can.

(Ba a tambaya kam, tunda a rubuce yake a ƙofa, kuma Mushe ya karanta ya wuce. Garin rogo da ƙuli-ƙulin da Madam ta ƙulla masa su suka riƙe shi kwana 9, kuɗin guzurin taro kuwa suka dawo gida lafiya lau, ko mura ba su yi ba.)

MUSHE: Daga tashar sai ka hau tudu, ka shiga unguwa mafi tsufa, Faniye. Ma'anarta Kwando. Lunguna ne ƴan siri-siri, hawa da gangara, an yi shanya a tagogi, tsofaffi zaune bakin ƙofa, ko'ina zane.

ALHAJI: Tsaya. Lungu, hawa, shanya, tsofaffi bakin ƙofa. Mushe, nawa aka biya maka kuɗin jirgi? Ai Birni ka je, tsohuwar unguwarmu ta nan.

MUSHE: Birni na da tarihin Faniye? A 1943 sojan Jamus suka kwashe mutane wajen 20,000 daga bakin tashar, suka sa nakiya suka rushe gidajen.

ALHAJI: Allah sarki. Ashe su ma an taɓa shigo musu gari ba sallama. Mu a 1899 aka yi mana, kuma ka san ko su wa.

Nan teburin ya yi tsit, sai ƙarar cokali cikin kofi.

MUSHE: Ko ma dai mene ne, can tashar teku ce. Damagaram na da tasha?

ALHAJI: Unguwar Zango fa? Don me aka ce masa Zango? Nan ayarin Agadas da na Gat da na Tarabulus ke sauke kaya. Gishirin Bilma ya shigo, fatu da gashin jimina su yi arewa. Malam Yaro da ake labarin dukiyarsa, a jirgin ruwa ya same ta? Raƙumi 1,000 in sun durƙusa, wace tasha ce ta fi wannan?

MUSHE: Babu ruwa.

ALHAJI: Wannan kuma ba sai ka je Faransa za ka gano ba. Saboda ruwan nan aka ce an ɗauke mana babban birni aka kai Yamai a 1926. Har yau muna jiran a kawo ɗaya, ko ruwan ko birnin.

MUSHE: Matsalarku ita ce ba ku san tafiyar ƙafa ba. Gari da ƙafa ake karanta shi. Ni a rana ɗaya kilomita 12 na taka, salula ta ƙirga.

Ɗan kabu-kabu, da ke kwance bisa babur ɗinsa kamar bisa gadon gado, ya ɗago kai.

ƊAN KABU-KABU: Mushe, kai? Kai da kake kirana in kai ka masallacin da ake jin tarin liman daga ɗakinka?

MUSHE: Wancan Mushen ya mutu a Marsai. Ku tashi. Yanzun nan zan zaga da ku garinku, in nuna muku abin da kuke wucewa kamar makafi.

ALHAJI: Ni tun ina yaro na san tafiyar ƙafa sunanta talauci. Amma wannan kallon ba ya wuce ni. Yaro, miƙo laima.

Aka ɗunguma. Mushe a gaba, Alhaji da laima, ni a baya, ɗan kabu-kabu na biye da mu a hankali kamar angulu ta ga jaki na ɗingishi.

Ba mu yi nisa ba Mushe ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Jikin wani bango an rubuta da jan fenti: AN HANA FITSARI A NAN. TARA JIKKA 5.

MUSHE: Wala! Kun gani? Dubi yadda fentin ya tsiyaya ƙasa. Fushi ne wannan. Kukan talaka ne. Mai zanen nan yana magana da al'umma.

ALHAJI: Da mutum ɗaya yake magana, kuma ya san shi.

MUSHE: Ina ka sani?

ALHAJI: Bangon shagona ne. Ni na sa aka rubuta.

MUSHE: Ka ga ke nan kai ma ɗan fasaha ne, ba ka sani ba.

ALHAJI: Na sani mana. Sau uku fasahar ta kawo mini jikka 5.

Muka wuce lambar mai maganin basir, muka wuce sunan wata fadar samari da aka rubuta da gawayi, muka wuce hoton wani ɗan takara da rana ta cinye fuskarsa ta bar murmushin kawai. Kowanne sai da Mushe ya ja da baya taku uku, ya karkata kai, ya ce "hmm". A Marsai ya ga ana yi. Sai ga jerin bido-bido masu ruwan ɗorawa, sun fi 40, daga bakin famfo har kwana.

MUSHE: Manyifik! Dubi launi, dubi tsari! A can da gidan tarihi za a kai wannan, a sa masa fitila. Baiwar Allah, wa ya shirya su haka?

MATAR: Wanda ya riga zuwa.

MUSHE: Me suke nufi?

MATAR: Suna nufin tun asuba muke nan, famfo sai tusa yake. In ka gama ɗaukar hoton ka kai wa masu ruwan, ko su za su gane saƙon.

ƊAN KABU-KABU: Mushe, dala 40 in kai ka gida.

MUSHE: Tafi can.

Muka shiga Birni rana na tsakar ka. Muka gifta ƙofar fada, dogarai da jajayen riguna na zaune a inuwa, suka bi mayafin Mushe da kallo har muka ɓace. Alhaji ya soma nasa karatun: Sarki Tanimun, ganuwar da ya kewaye gari da ita, igwar da aka ƙera masa a nan cikin Damagaram, Bature Bart da ya sauka garin a 1852.

MUSHE: Ka ji ko? Bature tun daga Turai ya zo kallon gari.

ALHAJI: Ya zo, amma ba da ƙafa ba. Yana da hankali.

ƊAN KABU-KABU: Dala 60.

MUSHE: Ɗazu ka ce 40.

ƊAN KABU-KABU: Ɗazu ba ka fara ɗingishi ba.

Lungun ya tsuke tsakanin duwatsu har babur ya kasa shiga, sai ɗan kabu-kabu ya zaga ta baya. Muna karya kwana Mushe ya tsaya cik. Wannan karon ni ma na tsaya. Fuskar wani tsohon zaure ce, zankwaye a sama, jikinta duk zane mai tudu: dagi ya sarƙe da dagi, takobi a gefe, da'ira cikin da'ira bisa ƙofa, ga sauran shuɗi da ja da rana ba ta gama sha ba. Wani tsohon magini na zaune a gindinta yana gyaran ƙotar gatari.

MUSHE: Wannan ko a Faniye babu! Baba, sannu da hutawa. Da wane irin fenti aka fesa?

MAGINI: Fesa? Yaro, da hannu aka yi. Tun yaɓen na ɗanye ake ɗora ƙasa a fitar da tudun, a gyara da yatsa da ƴar wuƙa. In ya sha iska a bi shi da makuba, ta kwasfar ɗorawa, don kar damina ta wanke. Mahaifina ya yi wannan, ni ina miƙa masa ƙasa.

MUSHE: Ina ya sa hannu?

MAGINI: Duk garin nan wa bai san hannunsa ba, da zai tsaya rubutawa?

Mushe ya yi ta ɗauka, ya durƙusa, ya miƙe, ya matsa hagu don ya samo bangon duka. Nan ya ga ɗaya rabin. An shafe shi da siminti, an manna masa karo fari irin na banɗaki, wasu sun zube, wata tsaga ta taso tun daga ƙasa.

MUSHE: Innalillahi! Wane jahili ne ya yi wannan? Wane maƙiyin tarihi? A Faransa ɗaure shi za a yi! Baba, faɗa mini sunansa, yau sai na rubuta takarda.

Magini ya dube shi, ya dubi Alhaji. Alhaji ya rufe laima a hankali, ya gyara tsayuwa irin ta wanda bai son ko kalma ɗaya ta wuce shi. Sai labulen zaure ya motsa.

GWAGGO: Muryar wa nake ji kamar ta Ɗan Auta? La, kai ne! Yau ta ƙofar gaba? Babur ɗin ya mutu?

MUSHE: Gwaggo... ina wuni. Nan ne... gidan nan ne?

GWAGGO: Gidan kakanka ne ka ke tambaya? Ba laifinka, shekara nawa ta ƙofar baya kake shigowa, inda ake sauke ka. Me ka naɗa a wuya, ƙaiƙayi ne?

ALHAJI: Hajiya, sunan wanda ya yi simintin nan yake nema. Takarda zai rubuta.

GWAGGO: Ai shi ne. Shekarar aurensa ya aiko da buhunan siminti, ya ce gidan ƙasa abin kunya ne gaban surukai. Allah ya taimake mu kuɗin suka ƙare a rabi.

Wani sai ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Mushe ja da baya ya yi taku uku, ya karkata kai.

MUSHE: Hmm. To ai yanzu na gane abin da na yi. Haɗa tsoho da sabo ke nan. A Marsai ma haka suka yi: a 2013 suka buɗe sabon gidan tarihi na siminti, Musem, suka haɗa shi da tsohuwar ganuwar San Jan da ƴar gada. Ni na riga su ma.

MAGINI: Ka riga su. Sai dai siminti da ƙasa kishiyoyi ne, ba su kwana ɗaki ɗaya. Danshi ya shiga ba ya samun hanyar fita, bangon ya ruɓe ta ciki. Damina biyu, wannan rabin naka zai faɗo.

MUSHE: Shi ma faɗuwar saƙo ne.

GWAGGO: Ɗakina ne a bayansa, ɗan nema. Saƙon a kaina zai sauka.

Ta sa aka kawo masa ruwa rabin moɗa, ta ce ya yi haƙuri, na sayarwa ne. Ya shanye, ya cire takalmi ɗaya ya duba diddige, ya mayar. Mayafin dai bai cire ba. Muka ratsa gidan muka fita ta ƙofar baya, ga ɗan kabu-kabu zaune daidai inda ya saba sauke shi.

MUSHE: Zo nan. Yi ƙasa da murya. Ka kai ni, amma ka sauke ni bayan kasuwa, in ƙarasa teburin da ƙafa.

ƊAN KABU-KABU: Jikka ɗaya da dala 60.

MUSHE: Jikkar ta mece ce?

ƊAN KABU-KABU: Dala 60 ta babur ce. Jikkar ta bakina ce.

MUSHE: Alhaji fa? Ai ya gani.

ALHAJI: Ni nawa bakin ba na sayarwa ba ne. Matsa gaba, mu hau tare.